BABI NA HUƊU: JINYAR GIDA BAYAN CIRE HAƘORIN HANKALI A UNGUWAR TIRKANIYA, KADUNA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Bahaushe ya ɗauki ciwon haƙori da hanyoyin da yake bi wajen neman maganinsa. Shi kuwa wannan babi zai dubi abin da ke biyo bayan cire haƙori ne, wato jinyar da ake yi a gida, musamman idan wanda aka cire ɗin haƙorin hankali ne. Dalilin ware wa wannan batu babi guda shi ne, aikin likita a kan haƙorin galibi ba ya wuce sa'a ɗaya, amma warkewa tana ɗaukar makonni, kuma a gida ake yin ta, a hannun uwa ko mata ko 'yar'uwa. A nan ne al'adar jinya ta Bahaushe take gamuwa da umarnin likita, wani wuri su dace, wani wuri kuma su saɓa.

Unguwar Tirkaniya tana kudu da kogin Kaduna ne, tana maƙwabtaka da Nasarawa da Kakuri da Kudenda. Unguwa ce ta ƙabilu daban-daban, Musulmi da Kirista, kuma harshen Hausa ne ya haɗa yawancinsu a kasuwa da kan titi. Manyan asibitocin da suka fi kusa da mazauna unguwar su ne na Gwamna Awan da na St. Gerard da ke Kakuri. Idan aikin haƙori ya zama na tiyata sosai, akan nufi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko Asibitin Soja na 44 da ke tsallaken kogi, ko kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda sashensa na tiyatar muƙamuƙi da fuska ya daɗe a Kaduna kafin a tattara asibitin zuwa Shika a shekarar 2005. Abin lura shi ne, komawa wurin likita yana cin kuɗin mota da kuma yini guda na nema, don haka mutane da yawa ba sa komawa sai ta ɓaci. Wannan ya ƙara wa jinyar gida muhimmanci.

4.1 Haƙorin Hankali

Baligi mai cikakkun haƙora yana da guda 32. Huɗu daga ciki su ne na can ƙarshen turame, biyu a sama biyu a ƙasa, kuma su ne na ƙarshen fitowa, yawanci tsakanin shekara 17 zuwa 25. Da yake a lokacin ana ganin mutum ya mallaki hankalin kansa, sai aka jingina su ga hankali, kuma haka sunan yake a Larabci da Turanci. Saboda sun zo a makare, sau da yawa sukan tarar muƙamuƙi ya cika, sai haƙorin ya fito a karkace, ko ya kwanta ya tokari na gabansa, ko kuma ya leƙo rabi ya bar sauran ƙarƙashin dasashi. Abinci ya riƙa maƙalewa a wurin, dasashi ya kumbura, wani lokaci har baki ya ƙi buɗuwa.

Cire irin wannan haƙori ya bambanta da cire sauran. Akan tsaga dasashi, a wani lokaci a ɗan rage ƙashin da ya rufe shi, ko a raba haƙorin gida biyu ko uku kafin a fitar, sannan a ɗinke. Ke nan abin da majinyaci ya koma gida da shi rauni ne da ya kai ga ƙashi, a wurin da ba a iya naɗe shi da bandeji, kuma yawu da abinci suna bi ta kansa kullum.

4.2 Gudan Jini a Cikin Gurbi

Duk wanda bai fahimci wannan sashe ba, zai ɗauki dokokin likita a matsayin tsanani kawai. Idan aka cire haƙori, gurbinsa yakan cika da jini, jinin nan ya daskare ya zama guda. Wannan gudan jini shi ne murfin raunin. Shi ke tsayar da zubar jini, shi ke rufe ƙashi da jijiyoyin da ke cikinsa daga iska da abinci, kuma a cikinsa ne sabon nama yake fara tofowa. A cikin mako biyu zuwa uku dasashi yakan rufe bakin gurbin, shi kuwa ƙashi sai ya yi watanni kafin ya cike.

Matsalar ita ce, a wurin Bahaushe gudan jini ba abin so ba ne. Mataccen jini ake ce masa, kuma abin da aka saba shi ne a fitar da shi. Don haka ake yin ƙaho, don haka ake gasa targaɗe da ruwan zafi, don haka kuma maijego take wankan ruwan zafi tana shan kunun kanwa. Mai jinya da ta taso a kan wannan fahimta, in ta leƙa bakin ɗanta ta ga baƙin jini kwance a gurbi, abin da zai fara zo mata shi ne a wanke shi. A ganin mai bincike, wannan shi ne tushen mafi yawan kurakuran da ake yi a jinyar haƙori, kuma ba sakaci ke kawo su ba, kulawa ce da aka yi ta a inda ba ta dace ba.

4.3 Ranar Farko

Likita yakan ɗora auduga a kan gurbin ya ce a cije ta na kimanin minti 30. Cijewar ce take danne wurin har jini ya daskare, saboda haka ba a son yawan magana ko ciro audugar a duba. Wannan yana da wuya a unguwa irin Tirkaniya, inda mutum ba zai sauka daga Keke Napep ya isa ƙofar gida ba sai ya amsa gaisuwa da sannu sau da dama. Ya kamata 'yan gida su ɗauke masa amsa wa masu dubiya a wannan yini.

A cikin sa'o'i 24 na farko likitoci sukan hana abubuwa uku: kurkure baki, tofar da yawu da ƙarfi, da tsotsa. Dukkansu suna iya fizge gudan jinin tun bai kama ba. Yawu yakan fito jaja-jaja a ranar, sai mutum ya tsorata ya yi ta tofarwa, alhali ɗigon jini kaɗan ne ya rina yawu mai yawa. Abin da ya dace shi ne a haɗiye, ko a bar shi ya zubo a goge da ƙyalle mai tsabta. Game da tsotsa kuwa, takardun da asibitoci ke bayarwa sukan ambaci tsinken shan lemo ne kawai, wanda ba kowa ke amfani da shi a nan ba. Tsotsar da aka fi yi a Tirkaniya ita ce ta ruwan leda, da zoɓo ko kunun aya na ƙulli, da rake, da lemon zaƙi, da mangwaro, da ɓargon ƙashi. Mutum zai rantse bai karya dokar likita ba, alhali ya tsotse ledar ruwa uku kafin magariba. Sai a juye ruwan a kofi a kurɓa a hankali.

Ga Musulmi akwai batun alwala, domin a cikinta ana kurkure baki sau da dama a yini. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar Hausa, kurkurar baki da shaƙa ruwa da fyacewa suna cikin sunnonin alwala ne, ba farillanta ba, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Ahalari da Ishmawi. Don haka mai rauni a baki yana da sauƙi a wannan rana. Fyacewa da ƙarfi ta fi zama abin gudu ga wanda aka cire wa haƙorin sama, saboda saiwarsa tana kusa da kogon da ke haɗe da hanci.

Sai batun gashi. Da zarar kunci ya fara tashi, mai jinya takan ɗora ruwa a wuta ta ɗauko tawul. A ranar farko wannan kuskure ne, domin zafi yana buɗe hanyoyin jini, sai jinin da ya tsaya ya dawo, kumburi kuma ya ƙaru. Sanyi ake so: a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora a kunci minti 15 zuwa 20, a ɗauke a huta, a sake. Inda babu wutar lantarki, ledar ruwa mai ƙanƙara ta masu sayarwa ta wadatar. Gashi yana da ranarsa, amma sai bayan kwana biyu, lokacin da muƙamuƙi ya sage baki ya ƙi buɗuwa sosai, kuma da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba. Ya kamata kuma a sani cewa kumburi yakan kai maƙura ne a rana ta biyu ko ta uku, sannan ya fara saɓewa. Ƙaruwarsa a waɗannan kwanaki kaɗai ba alamar ɓaci ba ce.

Da dare a ɗaga kai da matashi biyu. Aikin ƙarfi kamar dako, ɗiban ruwa a rijiya, daka, ko ɗaga kaya a kamfanonin Kudenda, a jinkirta shi kwana biyu ko uku. Idan jini ya ɓalle, a naɗe auduga ko ƙyalle mai tsabta a jiƙa kaɗan a cije na minti 30 ba tare da dubawa ba. Jakar ganyen shayi da aka jiƙa ta huce ita ma tana taimakawa, saboda sinadarin baurin da ke cikinta, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita.

4.4 Ruwan Gishiri Mai Ɗumi

Bayan sa'o'i 24 sai doka ta juya: kurkurar da aka hana jiya ita ake so yau. A nan gargajiya da asibiti sun yi tarayya, domin Bahaushe ya daɗe da sanin gishiri a ciwon baki da maƙogwaro. Akan zuba rabin cokalin shayi zuwa cokali ɗaya na gishiri a kofin ruwan da aka tafasa ya huce ya zama ɗumi. A guntsa, a karkatar da kai ɓangaren raunin, a riƙe na ɗan lokaci, sannan a buɗe baki ruwan ya zube da kansa. Ba a wuskuta shi da ƙarfi kamar mai wanke baki bayan cin tuwo.

An yi bincike a kan wannan a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke Kano, wanda O. D. Osunde da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2014. Sun kasa mutum 120 da aka cire wa haƙori gida uku: kashi na farko suna kurkurawa sau shida a rana, na biyu sau biyu, na uku kuwa ba a umarce su da yi ba. Daga cikin mutum 80 masu kurkurawa, biyu ne kacal gurbinsu ya bushe, amma a cikin 40 da ba su yi ba, mutum 10 ne. Haka kuma ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin masu sau shida da masu sau biyu. Binciken bai keɓanta ga haƙorin hankali ba, amma darasinsa yana da amfani ga ma'aikaci ko 'yar kasuwa da ba za su iya samun ruwan ɗumi sau shida a wurin nema ba: safe da dare ma ba asara ba ce. Duk da haka, abin da likitan mutum ya ce masa shi ne abin bi.

Abin da bai kamata ba shi ne ƙare-ƙaren da ake yi wa ruwan. Wasu sukan jefa jar kanwa, wasu alif, wasu su dafa bagaruwa ko sassaƙe su ba da shi da zafinsa. Kanwa mai yawa tana cin naman baki, zafi kuma yana narkar da gudan jini. Goge haƙora da buroshi ko asuwaki ana ci gaba da shi daga rana ta biyu, sai dai a kauce wa wurin raunin. Haka nan daga rana ta uku zuwa sama akan ga wani abu fari-fari ko ruwan ɗorawa ya rufe gurbin. Mutane sukan zaci mugunya ce ko guntun tuwo, su ɗauko tsinke su yi sakace. Galibi sabon nama ne ke tofowa, kuma in babu ciwo mai tsanani ko wari, a ƙyale shi.

4.5 Abinci

Ba a cin komai sai allurar kashe zafi ta sake, wato bayan sa'a biyu zuwa huɗu, don kada a ciji leɓe ko harshe ba a sani ba. Abincin majinyaci a ƙasar Hausa shi ne kunu ko koko, kuma ya dace ƙwarai, sai dai an saba kawo shi yana tururi a ce a sha da zafinsa. A nan sai ya huce, kuma a rage masa citta da barkono. Kindirmo, ayaba, gwanda, dafaffen ƙwai, alala, faten dankali, faten acca, da tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa duk suna da kyau, a tauna ta ɗaya ɓangaren. Fura tana da kyau idan an dama ta sosai an tace, domin tsakin gero yana faɗawa gurbi. Saboda wannan dalili ne ake jinkirta dambu, garin kwaki, riɗi da gyaɗa. Tsire, kilishi, ƙuliƙuli, aya da gasasshiyar masara kuwa sai bayan mako guda ko fiye. Goro ma haka, duk da cewa masu cinsa ba sa ɗaukarsa a matsayin abinci, don haka ba sa ganin dokar ta shafe shi.

4.6 Magunguna da Taba

Maganin ciwon da aka fi rubutawa shi ne farasitamol da ibufurofen. Baligi ba ya wuce ƙwaya 8 ta farasitamol mai miligiram 500 a cikin sa'o'i 24, kuma a lura cewa yawancin magungunan mura suna ɗauke da shi a ciki. Ibufurofen kuwa bayan cin abinci ake sha, kuma bai dace da mai gyambon ciki ba. Asfirin yana hana jini daskarewa, don haka ba a sayensa don wannan ciwo, kuma garin Alabukun da ake samu a kowane teburin mai kayan tireda asfirin ne a cikinsa. Wanda likita ya ɗora a kan asfirin saboda ciwon zuciya kuwa, ba ya dainawa da kansa, sai dai ya sanar tun kafin a cire haƙorin. Haka ma mai ciwon sukari, mai hawan jini, mai amosanin jini da mace mai ciki.

Kanumfari yana da wani matsayi na daban. Tsofaffi sun san shi da kashe ciwon haƙori, kuma ba su yi kuskure ba, domin man da ke cikinsa yana cikin abin da likitocin haƙori ke amfani da shi har yau. Bambancin shi ne likita yana sa shi gwargwado, bayan ya wanke wurin. Dura garin kanumfari ko tabar gari ko dakakkiyar ƙwaya a cikin ɗanyen gurbi ƙona nama yake yi. Sigari da shisha kuwa sun haɗa illa biyu, ga zuƙa wadda tsotsa ce, ga kuma sinadarin taba da ke tsuke hanyoyin jini. Akan ce a ƙaurace musu aƙalla kwana uku, in da hali mako guda.

4.7 Bushewar Gurbi da Sauran Alamomin Komawa Asibiti

Idan gudan jini ya fita ko ya narke kafin nama ya tofo, ƙashi yakan zauna a buɗe. Wannan shi ne abin da wannan bincike ya kira bushewar gurbi, wanda wani likita mai suna Crawford ya fara ba shi suna a 1896. A cire haƙori na yau da kullum ba ya wuce kashi 5 cikin 100, amma a haƙorin hankali na ƙasa da aka yi wa tiyata yana iya kaiwa kusan kashi 30. Ya fi samun masu shan taba da matan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa. Alamarsa ba ta ɓuya: ciwo ya yi sauƙi kwana ɗaya ko biyu, sannan a rana ta uku ko ta huɗu ya dawo fiye da na farko, yana harbawa har kunne da gefen kai, baki yana wari, maganin ciwo kuma ba ya kama shi.

Mai bincike ya ga wannan da idonsa a gidansu. An cire wa wani yayansa haƙorin ƙasa na hagu, da yamma mahaifiyarsu ta ga jini a yawunsa, ta dafa ruwa da jar kanwa ta ce ya kurkure, ta kuma gasa masa kunci. Shi kuma da dare ya fita ya sha sigarinsa a ɓoye. A rana ta uku bai runtsa ba. Aka sayo masa kafso a kemis ya sha kwana biyu babu sauƙi, har aka fara cewa likitan ya bar guntun haƙori a ciki, wasu kuma suka ce haƙorin ne bai so fita ba. Da aka mayar da shi asibiti, wanke gurbin kawai aka yi aka cusa masa wani magani mai ƙamshin kanumfari, kafin la'asar ya yi barci. Mahaifiyar da ta ji ƙamshin sai ta ce ai da ma ta san kanumfari ne maganinsa. Kafso bai yi aiki ba ne saboda matsalar ba ta ƙwayoyin cuta ba ce tun farko, ƙashi ne a buɗe.

Bushewar gurbi tana da azaba amma ba ta kisa. Abin da ke kisa shi ne kumburin da ya gangara ƙarƙashin haɓa da harshe ya yi tauri kamar katako, wanda likitan Jamus Wilhelm von Ludwig ya bayyana a 1836, kuma ake kiransa da sunansa. Yana iya toshe hanyar numfashi cikin sa'o'i. Saboda haka idan majinyaci ya kasa haɗiyar yawu, ko muryarsa ta sauya, ko numfashi ya yi masa wuya, ba a jiran gari ya waye, kuma ba a kai shi wurin mai tsaga kumburi. Haka kuma a koma asibiti idan jini ya ƙi tsayawa bayan an cije auduga sau biyu, ko zazzaɓi ya taso, ko kumburi ya ci gaba da ƙaruwa bayan rana ta uku, ko mugunya ta fito, ko ruwa ya riƙa biyowa ta hanci in an sha. Idan leɓen ƙasa ko haɓa ko gefen harshe suka ci gaba da zama a mace har washegari, a sanar da likita, domin akwai jijiyoyi biyu da ke wucewa dab da saiwar haƙorin ƙasa, kuma yawanci sukan farfaɗo cikin makonni ko watanni. Zaren ɗinki iri biyu ne, akwai mai narkewa da kansa, akwai kuma wanda ake komawa a cire bayan kwana bakwai, don haka sai a tambaya tun kafin a baro asibiti wane iri aka sa.